Renon Kariya da Zabuwa Daga Iri a Ƙasar Managil

Akwai wasu tsirrai da Bahaushe ya daɗe da saninsu ɗaya bayan ɗaya, ko da yake bai tara su ƙarƙashin suna guda ba. Kariya mai jan fure da kumburarren gindi tana cikinsu. Haka zabuwa mai kaurin ganye, da tinya da ƙerana da aguwa masu farin ruwa, da karan masallaci, har da fasa-ƙaba, wadda a nan Sudan ake ce wa rijla, ake miyarta da adas. Abin da ya haɗa su shi ne kowannensu yana da inda yake ɓoye ruwa a jikinsa, wani a ganye, wani a kara, wani a gindi, ya riƙa lallaɓawa da shi har rani ya wuce. Masu sayar da dashe a mashtal, wato wurin renon tsirrai, suna kiransu usariyat, masu ƙaya kuma sabbar. Mu a nan za mu ce musu tsirrai masu ajiyar ruwa. Mutanenmu da suka biyo hanyar hajji suka zauna a Jazira, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 har aka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar a 1906, ba su yi baƙunta da su ba. Kariya, alal misali, tana fitowa da kanta a daji tun daga Senegal har Sudan, ta tsallaka Bahar Maliya zuwa Yemen.

Yawancin masu su a gida ba daga iri suka same su ba. Maƙwabciya ce ta karyo reshe, ko ta ciro ɗan zabuwa daga gindin uwarsa, aka kafa, ya kama. Hanya ce mai sauƙi, kuma da ita ake shingen aguwa a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. Sai dai reshe ɓangaren uwarsa ne kawai: launin furenta zai yi, ƙarfinta da rauninta zai gada. Iri kuwa sabon tsiro yake bayarwa, kowane ɗaya da kamanninsa. A jikin kariya aka fi ganin bambancin. Wadda ta fito daga iri tana fara kumbura gindi tun tana 'yar makonni, ta reshe kuwa sai ta yi shekaru kafin gindin ya ɗan tasa, kuma da wuya ya kai na iri kyau. Sannan kwafsa guda tana iya ba da ƙwaya gommai, ba tare da an kashe ko sisi ba.

Kafin a kai ga shuka, ya kamata a san yadda babban tsiron yake rayuwa, domin daga nan yawancin kuskure yake tasowa. Kowane ganye yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta nan tsiro yake shaƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da hasken rana ya yi sukarin da yake rayuwa da shi. Amma duk lokacin da kafofin suka buɗe, ruwa ma yana fita ta nan ya bi iska. Auduga da dawa da rana suke buɗe nasu, shi ya sa hawasha, wato gonar manomin Jazira, ba ta jure jinkirin ban ruwa. Zabuwa da karan masallaci da sabbar sun juya lamarin. Da dare suke buɗewa, lokacin da iska ta yi sanyi, su kama iskar kabon su mayar da ita wani sinadari mai tsami su adana. Da gari ya waye sai su rufe, su riƙa warware tsamin a hankali suna yin abinci da shi cikin hasken rana. Wani likita Bajamushe, Benjamin Heyne, da ya yi aiki a Indiya a farkon ƙarni na 19, yana cikin waɗanda suka fara lura da wannan, kuma da harshensa ya gano: ya ɗanɗana wani ganye mai kauri da safe ya ji tsami, da rana ta take ya ji shi lami. Masana suna taƙaita sunan dabarar da haruffa uku, CAM. Mu ce mata numfashin dare. Tana tsimin ruwa ƙwarai, amma abincin da tsiron zai yi ba ya wuce gwargwadon tsamin da ya tara da dare, saboda haka girmansa a hankali yake. Kariya kuwa tata dabarar ita ce ta zubar da ganye idan rani ya tsananta, ta koma kan ruwan gindinta.

Duk wannan labarin babban tsiro ne. Ɗan tsiron da ya fasa ƙwaya jiya bai mallaki waɗannan kayan ba tukuna. Bai tara ruwa ba, fatarsa ba ta yi kaurin da za ta tare tururi ba, saiwarsa ba ta wuce tsawon farce ba. Ƙaramin abu kuma ya fi babba saurin bushewa, domin fatarsa ta yi yawa a kan ɗan abin da ke cikinsa. Yini guda a busasshiyar ƙasa ƙarƙashin ranar Managil ya isa ya gama da shi. A daji ma haka abin yake. A hamadar Arizona ta Amurka akwai wani ƙaton sabbar da ake kira saguwaro, wanda yakan kai tsawon mita 12. Yana zubar da iri miliyoyi a rayuwarsa, amma kusan duk waɗanda suka rayu a inuwar wata bishiya ko dutse suka tsiro, kuma a shekarun da aka dace da ruwa. Don haka mai shuka ya ɗauki abin kamar goyo. Akwai lokacin shayarwa ba fashi, akwai lokacin yaye, kuma da wanda ya gaggauta yayen da wanda ya ƙi yin sa duk asara suke tafkawa.

Matsala ta biyu ita ce ƙasar da muke takawa. Baƙar lakar Jazira, wadda dominta aka kammala madatsar Sinnar a 1925, aka kuma faɗaɗa aikin noman zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950, fiye da rabinta yumɓu ne. Da rani takan tsage har hannu ya shige. Idan ruwa ya zo sai ya bi tsagar, yumɓun ya kumbura, tsagar ta haɗe, daga nan ruwa ba ya ƙara nutsewa sai ɗan kaɗan. Shi ya sa tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa hawasha, ba ta buƙatar daɓen siminti, shi ya sa kuma ambaliyar Agustan 2022 ta daɗe kwance a ƙauyukan Managil. Ga auduga da alkama da gyaɗa wannan ƙasa dukiya ce. A cikin tukunyar shuka kuwa wani abu ne daban. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan laka ta jiƙe ta toshe waɗannan kafofi, saiwar ta shaƙe ta mutu, ƙwayoyin cuta su shiga ta wurin su tarar da nama cike da ruwa, cikin 'yan kwanaki gindin ya ruɓe. In kuma lakar ta bushe, sai ta ƙanƙame ta tsage, ta tsittsinka 'yan saiwoyin.

Saboda haka sai an haɗa ƙasa ta musamman, kuma kayan haɗin duk suna kusa da hannu. Ana son rairayi mai garas-garas irin na gini, a wanke shi a jardal har ruwan ya fita garau. Ana son ɓaraguzan jan bulo, irin wanda ake toyawa a bakin kogin Nil Azrak, a daka, a tankaɗe, a zubar da garin, a riƙe tsakuwar da ta kai girman ƙwayar dawa. Bulon yana buɗe wa iska hanya, yana kuma shan ruwa ya riƙe ɗan danshi ba tare da ya caɓe ba. Sai gurera, wato lallausar ƙasar da kogi yake bari a gaɓa, wadda masu mashtal suke cika ledojin dashe da ita. Don farawa, a sa rairayi kashi biyu, bulo ɗaya, gurera ɗaya, da ɗan dakakken gawayi. Ɗanyen taki ba shi da wuri a nan. Kada kuma a zaci lallausan rairayi zai gyara laka, domin haɗa su biyun tubali yake bayarwa. Gwajin mai sauƙi ne: a jiƙa haɗin, a dunƙula a tafin hannu, a buɗe. In ya tsaya curi, laka ta yi yawa. In ya wargaje da ɗan taɓawa, ya yi.

Daga nan sai a dafa ƙasar. Wannan yakan ba mutane dariya, amma da dalilinsa. A cikin kowace ƙasa akwai ƙwayoyin funfuna masu kama ɗan tsiro daidai inda kara ya haɗu da ƙasa. Da yamma an bar 'yan tsirran tsaye kore shar, da safe a tarar biyu ko uku sun kwanta, wuyansu ya sirance ya yi ruwa-ruwa, kashegari kuma rabin mazubin ya bi su. Mu kira ciwon ruɓewar wuya. Abin takaicin shi ne ɗumi da danshin da iri yake nema su ne funfunar ma take nema, kuma wanda ya kamu ba ya tashi. Rigakafin shi ne zafi. A zuba ƙasar da ɗan danshi a tsohuwar tukunya, a rufe, a ɗora kan kanun, wato murhun gawayi, tururi ya ratsa ta kamar rabin awa. Digiri 80 ya wadatar, ba ƙona ta ake so ba. Wanda ba shi da wannan sukuni ya kwarara tafasasshen ruwa a kan ƙasar cikin mazubinta, ya bari ta huce. Mazubin kansa ba sai an saya ba. Robar ɗahaniya ko gindin jarka da aka yanke ya isa, mai zurfin santimita 6 zuwa 8, a wanke da sabulu, a huhhuda gindin da ƙusa mai zafi.

To irin fa, daga ina? Mutane da yawa sun ɗauka kariya fure kawai take yi. Tana 'ya'ya, sai dai ba kullum ba, domin furenta yana da tsari mai wuyar shiga ga ƙwari, kuma ya fi kamawa idan akwai kariya biyu kusa da juna waɗanda ba daga reshe ɗaya suka fito ba. In ya kama, kwafsa biyu ne suke fitowa haɗe ta gindi, kowace ta nufi nata gefen, su yi wata biyu zuwa uku kafin su nuna. Kariya dangin tumfafiya ce, haka ma karan masallaci, kuma dukansu irinsu yana da gashin da iska ke ɗauka. Na kariya ma a kai biyu yake da shi. Ranar da kwafsar ta tsage, in ba kowa a gida, an yi sallama da irin. Don haka da zarar ta fara sauya launi, a naɗe ta da zare ko a ɗaura mata guntun gidan sauro. Ƙwayar doguwa ce siririya, kamar santimita ɗaya, ba nauyi. A cire gashin a shuka da wuri, domin irin kariya ba ya jure ajiya, bayan wasu watanni yawancinsa ya mutu.

Zabuwa ta fi taurin kai. Yawancin ire-irenta ba sa ɗaukar garin furen kansu, sai na wata. Zabuwar da ke gidajen unguwa guda kuwa sau da yawa 'ya'yan uwa ɗaya ne da aka yi ta rarrabawa, saboda haka a wurin tsiron duk jiki ɗaya ne: za ta yi fure, tsuntsaye da ƙudan zuma su sha ruwansa, amma ba iri. Wanda ya samu biyu masu asali daban zai iya ɗebo rawayan garin furen ɗaya da gashin kaza ya shafa a bakin furen ɗayar. Irin baƙi ne, falle-falle, da ɗan fiffike. Tinya da ƙerana kwafsarsu ɗaki uku ce, idan ta bushe fashewa take ta harba irin nesa, ita ma sai an ɗaure. Kuka, wato tabaldi, wadda masana da yawa suke lissafawa cikin masu ajiyar ruwa saboda gangar jikinta, matsalarta taurin ɓawo ce. Ruwa ba ya shiga ƙwayar sai an kankare gefe ɗaya a kan dutse, ko an zuba mata ruwan zafi an bar ta ta kwana a ciki.

Zurfin shuka girman ƙwaya yake bi. Ta kariya a kwantar da ita, a rufe da ƙasa rabin santimita. Ta zabuwa ɗan yayyafin rairayi ya ishe ta. Irin rijla da na yawancin sabbar ƙanana ne ƙwarai, kuma suna son haske kafin su tsiro, don haka a barbaɗa su a sama, a ɗan danna, kada a binne. Ban ruwa ta ƙasa ake yi: a zuba ruwa a siniya, a ajiye mazubin a ciki har saman ƙasar ya yi duhu, sannan a ɗauke ya tsane. Zuba ruwa ta sama yana kwashe ƙananan iri ya tara su a kusurwa ɗaya. Ruwan tur'a a lokacin kharif, wato damina, ja ne da laka, a bari ya kwana ya kwanta kafin a yi amfani da shi. Wasu rijiyoyin kuma suna da gishiri, alamarsa farin ɓawo a saman ƙasa. Ruwan sama ya fi duka. Bayan an shayar, a sa mazubin cikin leda mai haske don danshi ya zauna, a riƙa buɗewa kullum iska ta shiga. Ledar da rana ta buga kai tsaye kuwa cikin awa guda za ta dafa abin da ke ciki.

Kariya ba ta ɓata lokaci. A ɗumin digiri 25 zuwa 35, cikin mako guda za a ga ɗan kara mai ƙiba ya ɗago ƙasa, ɓawon irin na maƙale a kansa, daga baya ya buɗe ganye biyu. Zabuwa takan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, ta fito da ganye ɗaya tak mai kama da ciyawa, har wanda bai sani ba ya cire ta. Sabbar kuwa ɗan kore ne mulmulalle da bai kai ƙwayar gero ba, sai bayan makonni ake ganin farin gashi a tsakiyar kansa, ƙayar farko ke nan. Wurinsu ƙarƙashin rakuba, wato rumfa, ta ɓangaren gabas, inda hasken safe yake shiga. Su da kansu suke faɗin abin da ke damunsu. Wanda ya yi tsawo ya sirance ya yi fari-fari yana karkata, haske ne bai ishe shi ba. Wanda ya koma ja ko ruwan ƙasa ya daina girma, rana ce ta yi masa yawa.

Yaye ba rana ɗaya ake yin sa ba. Kariya ana cire mata leda da zarar ganye na gaske sun fito, sabbar kuwa yakan so ta wata biyu zuwa uku. A fara da buɗe bakin ledar, a riƙa ƙara wa buɗewar lokaci har a cire ta gaba ɗaya. Sannan a bar saman ƙasa ya bushe kafin a sake shayarwa, yau na yini ɗaya, nan gaba na biyu, har a kai matsayin da sai ƙasar ta bushe zuwa gindin mazubi. Haka rana: a ƙara musu kaɗan-kaɗan cikin makonni. Idan kariya ta yi ganye huɗu zuwa shida, a raba kowace da tukunyarta, amma kada a ba ta ruwa nan take. A jira kwana biyu ko uku saiwoyin da suka karye su warke. Yuriyar hawasha tana sa su yi girman banza, jiki laushi, mai saurin ruɓa. In za a sa taki, a tsarma shi sosai.

Lokacin shuka ma yana da tasiri. Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi yake haura digiri 40 ga iska mai ƙura, ba na shuka iri ba ne. Kariya da kuka suna son kharif, daga Yuli, amma a ƙarƙashin rufi, don ruwan sama mai ƙarfi yana tumɓuke su. Hakan yana ba su watanni su tara ƙarfi kafin sanyin Disamba da Janairu, lokacin da dare yake sauka wajen digiri 15, kariya ta rage girma, kuma dole a rage mata ruwa. Zabuwa da sabbar sun fi jin daɗin shuka daga ƙarshen Oktoba zuwa Fabrairu.

Gara tana bin gawayi da busasshen ganye, tururuwa tana kwashe iri, kaji da ƙadangaru suna tona. Ɗora mazubin a kan tebur da rufa shi da tsohon gidan sauro yana maganin yawancinsu. 'Yan ƙwarin nan rawaya, dangin darɓa, da ake gani cunkushe a kan tumfafiya, su ne suke hawa tohon kariya, kuma ruwan sabulu ko jiƙon ganyen nim yana korar su. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne dafi. Ruwan kariya guba ne mai taɓa zuciya, da shi mafarauta a sassan Afirka suke shafa kibiya. Farin ruwan tinya da ƙerana yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya yin mummunar illa. A ajiye su inda yara da awaki ba sa kaiwa, a wanke hannu bayan an taɓa. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi asibiti.

Saura tsirran ƙetare da ake gani a hotunan waya. Echeveria, mai ganye jere kamar fure, asalinta tsaunukan Meksiko ne. Lithops, mai kama da tsakuwa, daga Afirka ta Kudu da Namibiya take. Irinsu ya yi kusa da ƙura wajen ƙanƙanta, yana son sanyi kafin ya tsiro, kuma ko ya tsiro, numfashin dare yana buƙatar dare mai sanyi, abin da Jazira ba ta da shi daga Afrilu zuwa Yuni. A ganina mai farawa ya bar su tukuna. Hotunan masu launin shuɗi fat ko bakan gizo da ake tallan irinsu, yawanci rini ne na kwamfuta. Ita ma kariya mai fure ninki-ninki ta Tailan, da aure ake yaɗa ta, wato a ɗora reshenta kan gindin wata, kuma irinta ba lallai ya maimaita furen uwar ba.

Na gida sun fi cancantar wahalar, kuma shuka su daga iri yana rage wata ɓarna. Sudan tana da zabuwarta ta kanta, Aloe sinkatana, wadda aka raɗa wa sunan garin Sinkat a tsaunukan Bahar Maliya, ga kuma manyan ƙerana na Arkawit. Yarjejeniyar CITES ta sa ido kan fataucin irin waɗannan tsirrai tsakanin ƙasashe, domin tono su daga daji ya kusa ƙarar da wasu, musamman a Afirka ta Kudu. Tsohuwar kariyar da aka tono daga gefen dutse ta yi shekaru da yawa kafin ta kai girmanta, kuma sau da yawa ba ta jure tukunya. Wadda aka shuka a Yuli aka kula da ita tana iya yin furen farko a shekara ta biyu. Wanda yake son gwada hannunsa ya fara da rijla, ya bi da kuka, sannan kariya. In kuma akwai kariya mai kwafsa a tsakar gidanku yanzu, ku ɗaure ta kafin ta tsage.